Takon Kifi a Ranakun Aiki: Na'urar Suya da Iska ko Kaskon Mai?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure ta yi tambaya cewa tana dawowa daga aiki gab da magariba, ga mutum huɗu a gida suna jiran abincin dare, kuma yaranta sun ƙwallafa rai a kan takon kifi, wato soyayyen kifi da ake naɗewa cikin siririyar gurasa, tun da suka ɗanɗana shi a wani gidan abinci. Shin ta soya kifin a cikin mai kamar yadda ta saba, ko kuwa na'urar suya da iska da ke ajiye a kicin ɗinta, wadda 'yan kasuwa ke kira eya firaya, za ta fitar da ita kunya? 'Yar'uwa, ra'ayina shi ne na'urar ta fi dacewa da daren da kika kwaso gajiya, amma da sharaɗi guda, wato ki haƙura da kwaɓi mai ruwa irin na asalin wannan abinci, domin hanyoyin biyu ba kifi iri ɗaya suke fitarwa ba, kuma yawancin masu kukan cewa na'urar ta ɓata musu girki sun nemi ta yi aikin da ba nata ba ne.

Asalin takon kifi daga yankin Baha Kalifoniya yake, a arewa maso yammacin ƙasar Meziko, inda garuruwan Ensenada da San Felipe kowanne yake cewa shi ne mafarinsa. A can ana yanka farin kifi dogo-dogo, a tsoma shi cikin kwaɓin fulawa mai ruwa-ruwa, a jefa cikin mai mai zurfi, sannan a ɗora shi a kan tortiya, wato siririyar gurasar masara mai faɗin tafin hannu, a zuba yankakken kabeji da farar miya mai tsami da haɗin tumatir da albasa da barkono, a matsa lemon tsami. Wani Ba'amurke mai suna Ralph Rubio, wanda ya ci shi a San Felipe, ya buɗe shagonsa a birnin San Diyego a shekarar 1983, kuma yana cikin waɗanda suka yaɗa abincin a Amurka. Ita kuwa na'urar suya da iska ta zo daga baya sosai, domin sai a shekarar 2010 kamfanin Philips ya gabatar da tasa a bajekolin kayan lantarki na birnin Balin da ke Jamus. Ke nan an tsara wannan abinci ne domin tafasasshen mai tun kafin a san da na'urar, kuma daga nan duk bambancin ya samo asali.

Idan aka jefa kifi mai kwaɓi cikin man da ya kai zafin digiri 175 zuwa 190 a ma'aunin Salsiyos, man yana kewaye shi ta kowane ɓangare a lokaci guda, sai kwaɓin ya daskare nan take kafin ya sami damar zamewa, ruwan da ke cikinsa ya fice a matsayin tururi, ya bar ɓawo mai kumburi, marar nauyi, mai ƙaras-ƙaras, yayin da tsokar kifin take dahuwa a ciki da nata tururin. Na'urar suya da iska kuwa ƙaramin oben ce mai wayar zafi a sama da fanka mai ƙarfi da ke hura iskar a kan abinci. Iska ba ta isar da zafi da saurin da mai yake yi, saboda haka kwaɓi mai ruwa yakan tsiyaye ta ramukan kwandon da ake jera abinci a ciki kafin ya kama jikinsa, ya taru a ƙasa ya ƙone, kifin ya fito rabinsa tsirara, rabinsa manne da kwando. Babu wata dabarar da za ta gyara wannan gaba ɗaya. Abin da na'urar ta iya shi ne busasshen rufi: a barbaɗe kifin da fulawa, a tsoma shi cikin kaɗaɗɗen ƙwai, a mirgina shi cikin garin busasshen burodi, musamman irin na Japan mai manyan ɓarɓashi da ake kira panko, a danna da hannu har ya kama, sannan a shafa masa ɗan mai. Wannan rufin yana yin ƙaras-ƙaras sosai, har ma ya fi na kwaɓi jure zama a kan tebur ba tare da ya yi laushi ba, sai dai ɗanɗanonsa ya fi kusa da na kifin da aka gasa da burodi fiye da wanda ake sayarwa a bakin teku a Ensenada. Wanda ya san na asali zai gane bambancin tun daga cizon farko, yara kuwa galibi ba ruwansu.

Akwai wani abu da ya kamata mai bin girke-girken intanet ta sani: kwaɓin gargajiya na Baha sau da yawa da giya ake dama shi. Abin da ake nema a cikinta shi ne kumfar iskar da ke sa ɓawon ya tashi, kuma ruwan soda mai sanyi ƙarara tare da ɗan bekin foda yana yin wannan aiki. Mai amfani da na'ura ma ba ta da wannan damuwa tun farko, tunda ba kwaɓi za ta yi ba.

Maganar lokaci ita ce zuciyar tambayarki, kuma a nan lissafin yana da ɗan ruɗi. Idan dahuwar kifin kaɗai za a duba, mai ya fi sauri, domin yankan kifi mai kaurin yatsa biyu yana soyuwa cikin minti 3 zuwa 4, alhali a na'ura yana buƙatar minti 8 zuwa 10 a zafin digiri 200, tare da juya shi sau ɗaya a tsakiya. Amma man da ya kai zurfin da kifi zai yi iyo a ciki, wato kimanin lita guda a madaidaicin kasko, yana ɗaukar kusan minti 10 kafin ya yi zafi, na'urar kuwa minti 3 sun ishe ta. Bayan haka, suyar mai tana tsare mutum a gaban wuta, hannu ɗaya da matsami, ido a kan man kada ya yi hayaƙi ko ya huce, ba a iya juya baya a yanka kabeji. A na'ura, da zarar kin jera kifin kin rufe, minti goman nan naki ne: a cikinsu za ki yanka kabeji siri-siri, ki haɗa miya, ki ɗumama gurasa, kifin ya fito ya tarar da komai a shirye. Sai kuma abin da ke biyo bayan cin abinci, wanda masu rubuta girki ba sa sakawa cikin lissafi, wato jiran mai ya huce, tace shi, neman inda za a adana man da ya riga ya ɗauki ƙarnin kifi kuma ba zai yi suyar dankali ko ƙosai ba, goge bango da kan risho, da warin suya da ke kwana a labule. Kwandon na'ura kuwa jiƙa shi ake yi da ruwan ɗumi da sabulu a wanke da soso mai laushi. Daga fara aiki zuwa kammala wanke-wanke, na'urar ce ke kan gaba ga gida mai mutum huɗu.

Na ce mutum huɗu da gangan, domin lissafin yana juyewa idan masu ci suka yi yawa. Kifin na buƙatar a jera shi shimfiɗa ɗaya, da ɗan tazara tsakanin yanka da yanka domin iska ta ratsa. Idan aka cunkusa ko aka ɗora wani kan wani, tururi ne zai dafa shi, rufin ya jiƙe ya saɓule. Kwando mai lita 4 zuwa 5 da ƙyar yake ɗaukar rabin kilo a wannan tsari, kuma rabin kilo shi ne abin da zai ba da tako takwas, biyu-biyu ga mutum huɗu. Gidan da ke da mutum goma sai an yi zubi uku, rabin awa ke nan, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya fito. A irin wannan gida babban kasko ya fi, ko kuma faffaɗan tire a cikin oben.

Wutar lantarki ma abin dubawa ce ga wadda take zaune a inda wutar ba ta da tabbas. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,800. Kuɗin ba wani abu ba ne, tunda na'ura mai wat 1,500 da ta yi aiki na minti 15 ba ta cin ko rabin yunit a mita, amma ƙaramin janareta wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba, haka ma ƙaramar inbata ta sola, kuma idan aka ɗauke wuta kifi yana tsakiyar dahuwa, sai an koma ga kaskon da aka guje wa, da kifin da rufinsa ya riga ya jiƙe. Wadda aka aiko mata da na'ura daga Amurka ta duba bayanta tukuna, domin na can an ƙera su ne don wuta mai bolt 120, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 240 ce. Gas da gawayi ba su san wannan matsala ba.

A fannin yawan mai babu gardama: cokali ɗaya zuwa biyu ya ishi rabin kilon kifi a na'ura, kuma tunda kowane babban cokalin mai yana ɗauke da kalori kimanin 120, bambancin yana da girma ga abincin da za a riƙa ci kowane mako. Sai dai kada a ce za a bar man gaba ɗaya, domin garin burodin da bai taɓa mai ba fari fat yake fitowa, a bushe, yana shaƙe maƙogwaro. A shafa da buroshi ko a fesa da kwalbar fesawa ta hannu. Man gwangwani mai feshi yakan bar danƙo a jikin kwando wanda ke lalata rufinsa a hankali.

Zaɓin kifi ya fi shafar mai na'ura fiye da mai kasko, saboda iska mai zafi tana busar da tsoka, mai kuwa yana rufa wa siririn yanka asiri. Ana son farin kifi mai tsoka, marar ƙaya, wanda ba ya dagargajewa. A Amurka an fi amfani da kod da mahi-mahi da karfasa. A kasuwanninmu giwan ruwa ya fi kowanne dacewa, domin tsokarsa fara ce, mai kauri, kuma ana iya fitar da ita ba ƙaya. Karfasa tana yi idan babba ce, amma ɓangaren cikinta siriri ne, sai a cire shi daga kwando da wuri. Tarwaɗa ma tana yi, har ta fi jure zafin na'ura saboda kitsenta, in dai an wanke yauƙinta sosai. Kifi mai maiƙo da ƙarfin ƙamshi irin su titus ya fi kyau da gashi. Idan kifin na firji ne, a sauko da shi daga wurin ƙanƙara tun daren jiya ya narke a hankali, sannan a tsane shi da tsumma mai tsabta ko takardar kicin har ya bushe, domin jiƙaƙƙen kifi shi ne babban dalilin saɓulewar rufi a hanyoyin biyu. Gishiri, garin tafarnuwa, garin tattasai da ɗan barkono sun isa, kuma a zuba su a jikin kifin da cikin fulawar, ba a garin burodi kaɗai ba. Kada a jiƙa shi da lemon tsami fiye da minti 15, saboda tsamin yana fara dafa tsokar tun kafin ta ga wuta. Alamar dahuwa ita ce tsokar ta yi fari har ciki ta riƙa rabewa da cokali mai yatsu. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 63 a tsakiyar yankan.

Akwai hanya ta uku da ba ki ambata ba, wadda a ganina ta fi duka sauri a daren da ƙarfi ya ƙare: kifi ba rufi, a shafe shi da kayan yaji da cokali ɗaya na mai kawai. A wannan kam kasko ya doke na'ura, domin ƙarfe mai zafi yana ba kifin ja da ƙamshin gashi cikin minti 2 zuwa 3 a kowane gefe, na'urar kuwa takan dafa shi kafin bayansa ya yi launi.

Sauran kayan haɗin iri ɗaya ne ko ta wace hanya aka bi, sai gurasar da take buƙatar bayani. Tortiyar Meziko ana yin ta ne da masarar da aka dafa da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, abin da ke sa ƙullin ya kama jikinsa ya lanƙwasu, shi ya sa garin masararmu na tuwo ba ya bayar da ita, karyewa take yi. Idan babu ta a kanti, tortiyar fulawa ko siririn burodin shawarma da aka yanka ƙanana za su wadatar. A ɗumama ta a busasshen kasko, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe, a lulluɓe cikin tsumma. Kada a saka ta a na'ura, domin fankar tana busar da ita, wani lokaci ma ta ɗaga ta sama ta manne da wayar zafi. Haɗarin nan ne ya sa ba a shimfiɗa takarda a kwando sai da abinci a kanta. Farar miyar kuwa kindirmo mai kauri ko yogot marar sukari ne da mayonis daidai wa daida, da ruwan lemon tsami da gishiri da ɗan tafarnuwa. Kabeji ake sakawa maimakon latas saboda yana jure zafin kifi ba ya yaushi. Miyar da haɗin tumatir da albasa da attaruhu ana iya yin su tun da safe a ajiye a firji, amma kifin kada a mirgina shi cikin garin burodi sai lokacin da za a kunna na'urar, kuma kada a naɗe takon sai kowa ya zauna, domin miya tana jiƙa ɓawo cikin 'yan mintuna.