Kwana uku a zangon motoci na bakin Agadas

Daga Damagaram muka ɗauki hanyar Tanut da asuba, ni da ƙanena Sani, sai bayan magariba muka shiga Agadas. Zangon yana bayan gari, fili ne mai katanga inda matafiya ke kafa tanti kusa da motocinsu kafin su hau duwatsun Abzin.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsohon mai gadi. Yana ganin mun gaji ya ce, "Sannunku da hanya, samari," ya hura gawayi ya ɗora shayi, kofi uku kamar yadda Buzaye ke yi. Shi ya gargaɗe mu kada mu nufi Timiya, wani ƙauye a cikin duwatsun Abzin, ba jagora ɗan ƙasa, hanyar duk duwatsu ce da ƙoramu.

Ruwan wanka akwai, amma famfo ɗaya ne, da safe sai layi. Wuta kuwa janareta ce, ƙarfe goma ake kashewa. Wayata ta mutu dare na biyu, raina ya ɓaci sosai.

Mun je a watan Janairu. Sanyin dare ya ratsa bargona har ƙashi, ku taho da biyu.