Ridomil Gold a kan ciwon ƙaro na gindin lemu

Ridomil Gold MZ 68 WG maganin cututtukan shuka ne na kamfanin Syngenta, yana ɗauke da sinadaran metalaxyl-M kashi 4 da mancozeb kashi 64 cikin ɗari. A kan lemun da gindinsa ke tsattsafo ƙaro, ɓawo na tsagewa daf da ƙasa, wato aikin ƙwayar cutar Phytophthora, yana biyan buƙata matuƙar ciwon bai zagaye gindin ba. In ya zagaye, to sai dai a tuge bishiyar.

Fesa ganye kaɗai ɓarnar kuɗi ce. A kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa har a taras da lafiyayye, a ƙara ɗan yatsa ɗaya a kewaye, a ƙone abin da aka kankare. Sai a dama maganin da kauri a shafe raunin, a kuma narka gram 25 a ruwa lita 10 a jiƙa ƙasar gindin. Farkon damina ya fi dacewa. A sa safar hannu, garin na sa ƙaiƙayi.

Masu shagunan maganin gona kan miƙa shi ga mai mangwaron da rassansa ke bushewa daga sama. Galibi wannan wata cuta ce dabam mai suna Lasiodiplodia, kuma metalaxyl ba ya taɓa ta. Maganinta datse reshen can ƙasa da inda ya mutu, a shafa maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe a wurin yankan.

Yawan maimaita Ridomil yana sa cutar ƙaron ta daina jin sa, don haka a riƙa canzawa da wani maganin mai suna Aliette. Kuma in ruwan ban-ruwa na kwanciya a jikin gindin, ko an binne mahaɗar aure, wato inda aka haɗa reshe da gindi, ciwon zai dawo.