Gargaɗi Kan Masu Damfara da Sunan Kiwon Karnukan Asali Don Gida

Wannan gargaɗi ne ga duk mai neman ɗan kwikwiyo na asali, irin su German Shepherd, Boerboel, Rottweiler ko Caucasian, domin gadin gida ko zama da iyali, musamman a Abuja, Kaduna, Jos da Kano, inda ake tallar irin waɗannan karnuka a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. Akwai masu kiwo na gaskiya da suka ɗauki sana'ar da amana, amma akwai kuma waɗanda suka haddace kalamansu kawai, suna cewa su don iyali suke kiwo ba don shiga gasar nuna karnuka ba, alhali wannan magana ce suka mayar mayafin rufe cuta.

Kashi na farko na 'yan damfarar ba su da kare ko ɗaya. Hotuna suke sata daga shafukan masu kiwo na ƙasashen waje, su sa farashin da bai kai na kasuwa ba, su ce saura ɗaya ya rage kuma wani na hanya da kuɗinsa. Da ka tura kafin alƙalami sai a nemi kuɗin keji, a bi da kuɗin mota, daga nan a ce an tsare direba a hanya sai an biya takardar likita, har ranar da za ka kira ka ji wayar a kashe. Alamarsu a fili take: ba su yarda a yi kiran bidiyo kai tsaye a nuna kwikwiyon tare da uwarsa, kuma sau da yawa sunan da ke kan asusun banki daban yake da na wanda kake magana da shi. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan, ba a cinikin biri a sama.

Kashi na biyu su ne suka fi tayar mini da hankali, domin su za su kawo maka kwikwiyon da gaske. Karya takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kuma kimanin kwana 63 ne, to irin waɗannan mutane ba sa barin ta ta huta ko sau ɗaya, sannan su raba ta da 'ya'yanta tun suna mako huɗu ko biyar, su ce maka sun kai mako takwas, wanda shi ne mafi ƙarancin lokacin da ya kamata kwikwiyo ya yi da uwarsa. Ba za su bari ka zo gidansu ba, sai dai a haɗu a tasha ko gidan mai, a miƙo maka shi cikin kwali da katin rigakafi a hannu. Cutar fabo (parvo), mai kama hanjin karnuka, wadda ta bazu a duniya tun 1978, takan ɗauki kwanaki a jiki kafin ta bayyana, saboda haka kwikwiyon zai iso yana wasa, yara su shaƙu da shi, sai kwatsam ya daina cin abinci, ya fara amai da zawo mai jini da wari. Wanda bai samu ƙarin ruwa da kulawar likita da wuri ba, da wuya ya tashi. Idan ka kira mai sayarwa, amsar da aka saba ji ita ce lafiya lau ya bar hannunsa, abincinka ne bai karɓe shi ba.

Katin rigakafin shi ne wurin da za ka fi saurin kama ƙarya. Ana fara allurar fabo da sauran cututtukan da ake haɗa ta da su ne daga mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai kimanin mako 16, ita kuwa allurar haukan kare a ƙa'ida sai ya kai wata uku. Duk wanda ya ce maka kwikwiyo ɗan mako shida ya kammala allurai, to ko dai jahili ne ko maƙaryaci. Kati na gaskiya yana ɗauke da takardar da aka ɓanɓaro daga kwalbar maganin da lambarta, da kwanan wata, da sunan likitan da ya yi allurar, wanda za ka iya kira ka tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ke da yara, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa.

Shi kuwa batun cewa na gida ne ba na gasa ba, don haka ba sai an binciki iyayensa ba, juya gaskiya ne. Karen da zai yi shekara goma yana zaune da yara ya fi kowane buƙatar a san halin uwarsa da ubansa, domin tsoro da saurin cizo suna bin jini, kamar yadda gurɓacewar gaɓar ƙugu ke bin jinin manyan karnuka irin su German Shepherd da Rottweiler, ta gurgunta su tun ba su tsufa ba. Mai kiwo na gaskiya yana sa a ɗauki hoton ƙashin iyayen kafin barbara, ba ya haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa don gudun biyan kuɗin namiji, kuma shi ne zai dame ka da tambaya: wa zai kula da karen, gidan yana da katanga da inuwa, akwai ƙananan yara? Wanda ya yarda ya aika Caucasian mai kaurin gashi, ɗan asalin duwatsu masu sanyi, zuwa zafin Sakkwato ko Maiduguri ba tare da ya tambayi inda za a ajiye shi ba, kuɗinka kawai yake gani.

Saboda haka kada ka biya ko sisi sai ka je da ƙafarka, ko ka aika amintacce, an ga uwar tana tare da 'ya'yanta a inda aka haife su. Ka yi yarjejeniya a rubuce cewa cinikin bai faɗa ba sai likitan dabbobi da kai ka zaɓa ya duba kwikwiyon, kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri ga wanda ke kusa da su. Idan an riga an cuce ka, ka adana saƙonni da shaidar tura kuɗi, ka sanar da bankinka nan take, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar hana damfara ta 2006. Idan kuma fabo ta kashe kwikwiyo a gidanka, ka sani ƙwayar cutar tana iya yin watanni a ƙasa, don haka a wanke daɓe da kwanuka da ruwan bilic, kuma kada a shigo da wani sai wanda ya kammala allurarsa.