Sharhi a kan wasan allo na Axis & Allies, sigar 1942

Wasan Axis & Allies, wanda Larry Harris ya tsara, ya daɗe a hannun masu sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sigar da na gwada ita ce mai farawa daga shekarar 1942. A cikin kwalin akwai babbar taswirar duniya, da 'yan sojoji da tankoki da jiragen sama da na ruwa na roba, da ƙwayoyi irin na lido da ake jefawa don raba gardama a kowace arangama. Mutum biyu zuwa biyar ke bugawa, Jamus da Japan a gefe guda, Tarayyar Sobiyet da Birtaniya da Amurka a ɗaya gefen. Wanda zai zauna masa ya ware yini guda, domin jera kayan kaɗai aiki ne.

Inda wasan ya ciri tuta shi ne yadda yake sa mutum ya ɗanɗana nauyin ƙawance. Mai riƙe da Sobiyet shi ke fara taka leda, kuma tun zagaye na biyu za ka ji yana roƙon mai Birtaniya ya sauke masa jiragen yaƙi a Mosko kafin tankokin Jamus su iso, shi kuwa mai Amurka yana can ƙetaren teku da kuɗi jingim, yana lissafin jiragen da za su kwaso masa sojoji.

Sai dai ƙawancen da ke kan allon a daskare yake, alhali na gaskiya ya yi ta sauya launi kamar hawainiya. Sobiyet ɗin da ake gani tana fafatawa da Jamus ita ce ta ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Hitila ranar 23 ga Agustan 1939, suka raba Poland a tsakaninsu, sai da Jamus ta afka mata ranar 22 ga Yunin 1941 sannan ta koma wancan ɓangaren. Italiya, wadda ta sa hannu a yarjejeniyar ƙasashe uku tare da Jamus da Japan a Satumban 1940, ta ajiye makamai a Satumban 1943, bayan wata guda kuma ta shelanta yaƙi a kan Jamus. Romaniya ma ta juya wa Jamus baya a Agustan 1944. Wasan bai bar ƙofar irin wannan juyi ba, Italiya ma an haɗe ta ne cikin ƙasar Jamus. Haka nan mai Japan yana iya kutsawa Saiberiya tun da wuri, bayan kuwa ƙasashen biyu sun riƙe alkawarin rashin taɓa juna daga Afrilun 1941 har Agustan 1945.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yankinmu. Taswirar ta shafa wa Afirka ta Yamma ta Faransa launin Birtaniya, alhali a farkon 1942 yankin, har da Nijar, yana bin gwamnatin Faransa mai mazauni a garin Vichy, wadda ke ɗasawa da Jamus, kuma bai sauya sheƙa ba sai a Nuwamban shekarar, ko da yake Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, tun Agustan 1940. Malamin tarihin da zai saya wa ɗalibansa wannan wasa zai ci riba, muddin ya nuna musu da yatsa cewa iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi a wancan lokaci iyaka ce tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji.