Shagon kwamfutar Jekadafari da ya tono min tarihin wani tsohon sojan Amurka

Jama'a bari in ba ku labarin wani shagon kwamfuta da ke nan Jekadafari a garin Gombe, don na yi wa kaina alkawari in na miƙa jingata lafiya zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi. Sunan shagon kam ba zan kama ba tunda akwai inda zan ɗan taɓa su, amma duk mai bin layin ya san shi, shi ne wanda janaretansa ke ɗaure da sarƙa a gindin dogonyaro.

Ni malamin makaranta ne, ina kuma lallaɓa digiri na biyu a fannin tarihi ranakun ƙarshen mako. To lakcaranmu ya ba mu wata jinga da ta ɗaure min kai, wai kowa ya ɗauki soja guda ɗaya daga yaƙin neman 'yancin kan Amurka, wanda aka yi daga 1775 zuwa 1783, ba janar ba, ba shugaban ƙasa ba, talakan soja, a bi rayuwarsa da iyalinsa tun daga haihuwa har kabari, kuma da takardun asali ba kwafe-kwafen intanet ba. Ni ko kakana na uku sai na tambayi Goggo kafin in faɗi sunansa, wai ni zan bi zuriyar mutumin da ya mutu kusan shekara ɗari biyu a wata duniya. Wani abokin karatuna ne ya ce in je shagon nan akwai wani matashi da ya karanta tarihi ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba, yana zama a kwamfutar ƙarshe ta jikin bango yana yi wa mutane bincike.

Ranar farko ban same shi ba, kuma a nan aka fara ɓata min rai. Ƙaramin yaron da ke kan firinta ya ce ai ba sai na jira ba shi ma ya iya. Na ba shi sunan da na zaɓa, Agrippa Hull, baƙar fata ne daga jihar Massachusetts, na tafi masallaci na dawo sai ga shi ya buga min shafi goma sha biyu har ya maƙala musu fin. Ina dubawa na ga hoton wani jibgegen Bature da kayan janar. Ashe William Hull ya kwaso min, janar ɗin da ya miƙa garin Detroit ga sojojin Birtaniya a 1812, shi dai ya ga Hull ya danna kawai. Kuma yaron nan ya tsaya kai da fata sai na biya kuɗin bugawa. Na biya don ba na son hayaniya a gaban mutane, amma wallahi na tafi gida ina cewa ba zan sake taka shagon ba.

Abin da ya dawo da ni shi ne washegari matashin da kansa ya kira ni, ya ce Malam don Allah ka yi haƙuri na ga abin da aka yi maka, ka zo za mu cire kuɗin jiya daga cikin na aikin. Muka yi ciniki a naira 15,000, data da bugawa duk a ciki, ya ce kwana biyar. Kwana tara ya ɗauka, wannan ma zan dawo kansa.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Bai ce in tafi in dawo in karɓa ba, kujera ya jawo min ya ce in zauna in ga yadda ake yi. Ya buɗe min asusu a FamilySearch, wanda cocin 'yan Mormon da ke Salt Lake City ke gudanarwa kuma kyauta ne, sannan ya nuna min Fold3 wanda shi na takardun soja ne kuma na kamfanin Ancestry ne, sai ka biya kuɗin shiga, sai kuma shafin gidan adana takardun tarihi na gwamnatin Amurka. Ya ce Malam ka ga waɗannan jerin zuriyar da mutane ke ɗorawa da kansu, kar ka taɓa ɗaukarsu a matsayin hujja, wani ya kwafa daga wani, shi ma ya kwafa daga wani, sai ka ga an haifi ɗa kafin ubansa. Takardar neman fansho ita ce uwa.

A nan ya ba ni karatun da ko a aji ban samu ba. Ashe ba a tashi ba wa talakawan sojojin nan fansho sosai ba sai 1818, shekara 35 bayan an gama yaƙin, kuma shi ma sai wanda ya yi aƙalla wata tara a babbar rundunar ƙasa kuma yake cikin talauci. Mutane suka yi caa a kai har kuɗin ya fi ƙarfin abin da aka tsara, sai a 1820 aka ce kowa ya je kotu ya lissafa duk abin da ya mallaka, shi ya sa za ka ga tsoho yana rubuta tukunya nawa gare shi, saniya nawa, kujera nawa, da sunayen waɗanda yake ciyarwa da shekarunsu. Dokar 1832 ce ta buɗe ƙofa ga 'yan sa-kai na jihohi in dai sun yi wata shida, ta 1836 kuma ta shigo da matan da mazansu suka rasu, su kuma sai sun kawo shaidar aure, har wasu suka yage shafin farko na Baibul ɗin gidansu inda ake rubuta ranar aure da haihuwar yara suka aika. Fayil kusan 80,000 ne aka tara. Wanda lambarsa ta fara da S sojan ne da kansa ya nema, W matarsa ce, R kuma an ƙi ba shi. Na tun farko-farko kuwa yawanci sun ƙone a gobarar da ta ci ofishin ma'aikatar yaƙi a watan Nuwamban 1800. Ina jin haka na tuna da tsofaffinmu masu jerin gwano ana tantance su da fayil a hammata, ashe abin ya daɗe.

Rubutun hannun zamanin fa ba wasa ba ne, akwai wani dogon harafin s da suke yi kamar f, ni sai in karanta kalma ta fito min wani abu daban. Ya yi dariya ya ce Malam ai kamar wanda ya taso da bugun Hafsi ne ka miƙa masa allo da rubutun Warshu, inda fa'un ɗigonsa ke ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, kwana biyu ido zai saba. Kuma ya saba ɗin.

Shi dai Agrippa Hull an haife shi ranar 7 ga Maris 1759 a garin Northampton, ɗa ne ba bawa ba, sunan ubansa Amos uwarsa Bathsheba. Ka ga sa'an Shehu Ɗanfodiyo ne kusan, tunda Shehu 1754 ne, wannan lissafin shi ya sa mutumin ya zauna min a kai sosai. Uban ya rasu yana ƙarami, yana wajen shekara shida aka kai shi garin Stockbridge inda ya girma. A watan Mayun 1777 yana da shekara 18 ya shiga soja, ya fara da yi wa Janar John Paterson hidima, daga baya ya koma hannun wani injiniyan soja ɗan ƙasar Poland, Tadeusz Kosciuszko, sunan da muka yi ta fama da shi har muka yanke mu riƙa ce masa Koshushko mu huta. Shi ne ya tsara ganuwar West Point a bakin kogin Hudson. Da yaƙi ya koma kudu Hull ya bi shi, kuma a gumurzun Eutaw Springs na 1781 an sa shi taya likitoci riƙe waɗanda za a yanke wa hannu ko ƙafa, zamanin da babu allurar kashe zafi. Shekara shida da wata biyu ya yi, aka sallame shi a Yulin 1783, takardar sallamar kuma George Washington, babban kwamandan rundunar, ne da kansa ya sa mata hannu.

Wannan takardar ita ta fi taɓa ni a duk aikin. A 1828 da za a nema masa fansho dole sai an aika da ita, sai Charles Sedgwick, ɗan lauyan da Hull ya yi wa aiki bayan yaƙi, ya rubuta wasiƙa yana roƙon a dawo masa da ita, don tsohon ya gwammace ya rasa fanshon da ya rasa takardar. Dattijo mai kusan shekara 70, ga kuɗi ana miƙo masa, shi hankalinsa na kan takarda. Na karanta wurin nan sau uku.

Ɓangaren iyali ne ya fi ba mu wuya, kuma a nan na ga bambancin mai bincike da mai danna kwamfuta. Matarsa ta farko Jane Darby baiwa ce da ta gudo daga garin Lenox, lauya Theodore Sedgwick, uban Charles ɗin nan, ne ya taimaka aka raba ta da mai ikirarin mallakarta, shi ne dai lauyan da ya tsaya wa wata baiwa Elizabeth Freeman ta ci 'yancinta a kotu a 1781, ita ma kuma a gidansa ta yi aiki tare da Hull. Bayan Jane ta rasu ya auri Margaret Timbroke. Ya yi ta sayen filaye kaɗan-kaɗan har ya zama baƙar fatar da ya fi kowa ƙasa a Stockbridge, ya rasu ranar 21 ga Mayu 1848 yana da shekara 89, zanen hotonsa na nan rataye a laburaren garin. Na ce to ai sai mu duba ƙidayar jama'a mu kwashi sunayen 'ya'ya, ya ce ina, daga ƙidayar farko ta 1790 har ta 1840 sunan maigida kawai ake rubutawa sauran mutanen gida sai dai adadi, sai a 1850 aka fara rubuta kowa da sunansa, shi kuma ya riga ya rasu da shekara biyu. Don haka sai an bi ta littafin coci da takardun cinikin fili da na gado da duwatsun kabari, kuma ya gaya min ƙiri-ƙiri cewa duk sunan da bai ga takarda a kansa ba ba zai sa min ba ko da zai sa aikin ya yi kauri.

Akwai kuma maganar da ake yawan kawowa cewa Hull yakan ce ubansa ɗan sarki ne daga Afirka. Ni har na fara murna zan buɗe jingata da ita, matashin ya ce a'a Malam, mu sa ta a ƙarƙashin abin da ake faɗa, ba abin da aka tabbatar ba. Na ce gaskiyarka, mu nan Gombe ma in ka biye wa baki kowa jikan Buba Yero ne. Haka ya yi da labarin ranar da wai Hull ya saka kakin ubangidansa Koshushko ya tara abokai ana shagali sai ga mai kaki ya dawo ba zato, ya ce labari ne mai daɗi, a sa shi amma a faɗi cewa ruwaya ce.

To sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, ban da na yaron firinta. Alkawarin kwana biyar ya zama tara, yau an ɗauke wuta ba mai a janareta, gobe Alhaji mai shagon ya tura shi cike wa ɗalibai fom don a nan ake samun kuɗin yau da kullum, ni kuma ina zaune ina kallon agogo. Shagon da zafi kamar gidan burodi, fanka ɗaya ce kuma tana kan Alhaji. Tawadar firintar ta yi sanyi, hotunan tsofaffin takardun da dama can a dishe suke sai suka fito kamar an shanya su a rana, dole na sa ya turo min ta WhatsApp na je wani wuri a Tudun Wada aka sake bugawa. Kuma in kai mai gaggawa ne kar ka je da safe lokacin rajistar jarabawa, ko wurin tsayawa ba za ka samu ba, ka bari sai bayan la'asar.

Shawarata ga mai irin wannan aikin, ka nemi matashin shi kansa kar ka yarda kowa ya ce maka ya iya, ka je da filas ɗinka, ka biya rabi ka riƙe rabi, kuma ka ƙara kwana huɗu a kan duk abin da aka ce maka. In maki ne, shi na ba shi tara cikin goma, shagon kuma biyar, ita ma don albarkacinsa.

Ranar da na je biyan cikon kuɗin na tambaye shi ko zai iya yi min irin wannan a kan kakana, ɗan Boma ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa a yaƙin duniya na biyu lokacin da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su yaƙi Japan a ƙasar Boma, wato Burma. Ya ce Malam sai da lambarsa ta soja, don masu suna irin nasa a rundunar ba sa ƙirguwa, kuma Bature yadda ya ji sunan haka yake rubutawa. Na kira Goggo a Dukku a gabansa, ta ce akwai wata tsohuwar adaka ta Baffa, wato kakan nawa, a ƙarƙashin gadonta da wasu takardu a ciki ƙunshe a tsumma, tun rasuwarsa ba wanda ya kwance, mukullin ma ta manta inda ta sa. Asabar mai zuwa zan shiga mota a Tashar Dukku, na riga na ari guduma.