Xiaomi TV Box S a Yamai: mai sabuwar tele ma yana da buƙatarsa?

Tele sabbi da yawa da ake sayarwa a Babbar Kasuwa yanzu da YouTube da Netflix a cikinsu suke zuwa, har wasu na cewa zamanin akwatin kallo, wato ƴar na'urar da ake jona wa tele don kallo ta intanet, ya wuce. Bai wuce ba. Gilashin tele yana iya kai shekara goma lafiya lau, amma ƙwaƙwalwarta ba ta kai nan. Samsung na aiki da tsarin Tizen, LG da webOS, Hisense da VIDAA, kuma ranar da aka daina sabunta manhajojin samfurinka, sai su yi nauyi ko su ƙi buɗewa. Sauya akwati ya fi sauya tele sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda ya cancanci kuɗinsa shi ne Xiaomi TV Box S ƙarni na biyu, na 2023. Google TV ne a ciki, RAM jiga 2, ma'aji jiga 8, yana fitar da hoto har 4K. Haɗa shi ba wuya: wayar HDMI a bayan tele, caja a kuran, batir biyu ƙanana a telekomand, sai Wi-Fi da adireshin Gmail.

Babbar darajarsa lasisi ne. Akwatunan nan masu araha irin su MXQ, da ake rubuta musu jiga barkatai a kwali, yawancinsu ba su da izinin Widevine L1, wato lasisin kare bidiyo da ake buƙata don samun hoto mai tsabta, shi ya sa Netflix ke tsayawa a hoto dushi-dushi ko da rezo ya yi kyau. Ga kuma abin da ya fi muni: a watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana samun irin waɗannan na'urori marasa lasisi da muguwar manhajar BADBOX tun kafin a buɗe kwalinsu. Kafin ka biya, ka sa mai kanti ya kunna, ka shiga Play Store ka ga an rubuta cewa Play Protect, tsarin tsaro na Google, ya tabbatar da na'urar. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka ƙara gaba.

Yana da nasa aibi. Ba shi da ramin wayar intanet, sai ka sayi ƴar mahaɗa ta USB. Jiga 8 ɗin nan ma tsarin kansa ya cinye kaso mai yawa. Tsohuwar tele mai wayoyi uku, ja da fari da rawaya, ba ta karɓarsa sai da na'urar juya HDMI.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne forfe. Netflix da kansa ya ce awa ɗaya ta HD tana iya cin jiga 3, ta 4K jiga 7. Mai jona akwati da wayarsa ta Airtel, Moov ko Zamani ya rage ingancin hoto tun ranar farko, ya bar YouTube a 480p ko 720p, ya kashe kunna bidiyo na gaba da kansa, in ba haka ba forfen wata ya ƙare a kwana uku.

A zafin Afrilu da Mayu kada a liƙa shi a bayan tele ko a ɗora shi kan dekodar Canal+, don in ya ɗau zafi hoto yakan riƙa sarƙewa. Cajar kuma a regilatar za a sa ta, domin dawowar kuran da ƙarfi ita take fara kashewa.