Kalar ta burge ni, tawadar ta ɓata mini kati huɗu

Saitin nan na yin kati da ake ta tallarsa a WhatsApp, mai kalar ruwa irin ta sanda guda 12, hatiman roba shida, 'yar akwatin tawada da kwali goma, na saya watan jiya. Kun dai san kuɗinsa, ba arha ba ne. Baba ne ke jinya a Sakkwato, kullum muka yi waya sai ya tambayi Argungu, ko ruwa ya ja baya, ko an fara yankan shinkafa a fadama. Sai na ce bari in zana masa Matan Fada da hannuna, inda ya yi ƙuruciyarsa da gora da homa, inda muka tsaya tare a bikin kamun kifi na 2020.

Kalar kam ban da abin cewa. A bushe kamar kiriyon yara take, amma da burushi mai ɗan ruwa ya taɓa ta sai ta narke ta bazu. Na goga shuɗi da ɗan ruwan ƙasa, na ja burushi sau ɗaya, sai ga ruwan gulbi sak, mai duhun nan na bayan damina. Ja da ruwan ɗorawa suka ba ni sararin magariba. Har ƙanwata na kira ta zo ta gani.

Tawadar ce ta cuce ni. Kafin in tura kuɗi sai da na tambayi mai sayarwa ko tana jure ruwa, ta ce, "Hajiya, ko a kogi kika jefa ba ta motsi." Na buga kwale-kwale da tsuntsaye, na jira rabin awa, na ɗora ruwa. Wallahi ina kallo kwale-kwalen ya narke, baƙi ya bi ruwan ya shiga cikin sararin da na ɓata kusan awa guda ina gyarawa, tsuntsayen suka koma ɗigo-ɗigo kamar an zubar da toka. Na tura mata hoto. Wai ban bari ya bushe ba. Na sake bugawa a sabon kwali, na ajiye shi kwana guda cur a kan durowa, a garin da hunturu ke busar da wanki kafin azahar. Haka ya sake yi. Na uku na rage ruwa har burushin na ƙeƙasar kwali, duk ɗaya. Na huɗu kuwa hawaye na yi, don washegari Yaya zai tafi Sakkwato, shi zai kai saƙon. Tun daga ranar in na yi wa mai sayarwar magana alama biyu shuɗaye kawai nake gani.

Wata malamar zane a makarantarmu ce ta fahimtar da ni. Ta ce, "Ƙanwata, tawadar hatimi iri-iri ce, wannan da ruwa aka haɗa ta, ko shekara ta yi in ruwa ya taɓa ta sai ta tashi." Ta ce in juya aikin: in fara fenti, in bari ya bushe ƙayau, hatimi ya zo ƙarshe. Da mai sayarwa ta faɗi wannan kalma ɗaya, da kwalina huɗu suna nan.

Hatiman ma, dutse mai ƙanƙara, barewa, gidan katako da wata bishiya mai tsini da ba mu da ita. Biyu kawai suka yi mini amfani. Giginya sai da na kai zane wajen mai yanka hatimin ofisoshi a nan Birnin Kebbi, ya fitar mini da ita tsaf har da kumburin nan na tsakiyar gangar jikinta, a kuɗin da bai kai na kai kaya tasha ba.

Na biyar ya fito. Yaya ya ce Baba ya daɗe yana riƙe da shi, ya sa yatsa a bakin ruwan ya ce, "Nan muka tsayawa da gora." Ya sa an jingine masa shi kusa da filo. A daren na ce ko don wannan kuɗina bai tafi a banza ba, har na yi niyyar ba saitin yabo.

Amma da na zo tattara kaya na ga koriyar kalar da ta iso a karye gida biyu, fara kuma ta yi laushi ta manne da takardarta saboda zafin but ɗin mota, ba ko ɗan soso a cikin kwalin, raina ya sake ɓaci. Kalar zan sake saye, a wani wuri. Tawadar tana cikin durowa, kwali biyar suka rage mini, ga Inna ma ta ce tana son nata da gonar shinkafa.